Ƙarancin Jini ga Mai Wankin Ƙoda: Allura ko Ƙarin Jini?

Ɗan'uwa, idan kai ko wani naka yana zuwa wankin ƙoda, ka san gajiyar da ke tare da wannan ciwo. Mutum ya yi tafiya kaɗan sai haki, jiri yana ɗibarsa, tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari. Wannan shi ne ƙarancin jini. Da yawa sukan ce, "A ƙara masa jini kawai." Ka saurara tukuna, gama ƙarin jini yana da amfani, yana kuma da abin da yakan jawo daga baya.

Me ya sa jinin yake raguwa?

Aikin ƙoda ba tace fitsari kaɗai ba ne. Tana fitar da wani sinadari mai suna EPO, wanda yake umartar ɓargo ya yi jajayen ƙwayoyin jini. Idan ƙoda ta lalace, wannan umarni yakan ragu, ɓargo kuma ya rage aiki. Ban da haka, ƙwayar jini ta mai lafiya takan yi kwana 120, amma ta mai ciwon ƙoda ba ta kai haka. Kowane wanki kuma, ɗan jini yakan rage a cikin na'ura. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki sukan ƙara tsananta abin.

Maganin farko

Tun 1989 ake amfani da allurar EPO da aka haɗa a masana'anta. Tana yin aikin da ƙoda ta daina yi. Amma ɓargo ba zai yi jini ba sai da sinadarin ƙarfe, shi ya sa ake haɗa ta da allurar ƙarfe ta jijiya. Ba ta aiki rana ɗaya, sai an yi makonni kafin a ga canji. Likita yakan nemi awon jini, wato himogulobin, ya tsaya wajen 10 zuwa 11.5. Idan ya haura 13, akwai haɗarin shanyewar jiki da toshewar jijiya. Allurar tana iya ɗaga hawan jini, don haka a riƙa aunawa. A ajiye ta cikin firji, kada ta daskare, kada kuma ta sha zafi a hanya.

Haɗarin yawan ƙarin jini

Jikin kowane mutum yana da alamu a kan ƙwayoyinsa, likitoci suna kiransu HLA. Da su garkuwar jiki take gane nata da baƙo. Idan aka ƙara maka jinin wani, garkuwarka tana iya haddace alamunsa, ta tanadi makamai a kansu. Ranar da aka dasa maka ƙoda mai irin waɗannan alamu, sai jikinka ya yaƙe ta. Yawan ledar jinin da ka karɓa, yawan mutanen da ƙodarsu ba za ta dace da kai ba. Ɗaukar ciki ma yakan sa haka, don haka matar da ta haihu sau da yawa ta fi bukatar kulawa.

Wannan magana ta shafe mu. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, kuma da yawa daga cikin masu ba da ƙoda a ƙasarmu 'yan'uwa ne na jini. To, a asibitocinmu dangi ake fara nema idan ana bukatar jini. Ƙanin da ya ba ka jini yau don ƙauna, mai yiwuwa shi ne zai ba ka ƙoda gobe, jinin nan nasa kuma zai iya rufe wannan ƙofa.

Abin da za ka yi

1. Ka faɗa wa likita tun farko idan kana sa ran dashen ƙoda.
2. Kada wanda zai iya ba ka ƙoda ya ba ka jini. 'Yan'uwa a ikilisiya ko maƙwabta su taimaka a madadinsa.
3. Ka rubuta ranar kowane ƙarin jini da yawan leda, ka riƙe takardar.
4. Idan dole ne, ka tambaya ko akwai jinin da aka tace fararen ƙwayoyinsa. Yana iya rage haɗarin, ba ya kawar da shi duka.
5. Kada ka sha jiƙe-jiƙe, ko maganin ƙara jini na kasuwa, ko diclofenac da ibuprofen, sai da izinin likita. Alayyafo, zogale da ayaba ma ka tambaya tukuna, gama gishirin fotasiyam da ke cikinsu yana iya taɓa zuciyar mai ciwon ƙoda.

Amma ka ji wannan da kyau: idan jini ya zuba da yawa, ko ya yi ƙasa ƙwarai har numfashi yana gagara, ko ƙirji yana ciwo, kada ka ƙi ƙarin jini. A lokacin nan shi ne zai ceci rai.

Allurar tana da tsada, mun sani. Iyali da ikilisiya su zauna su shirya yadda za a riƙa sayenta ba tare da yankewa ba. Ubangiji ya ba da sauƙi.