Wa Ya Kamata Ya Ci Rangwamen Hayar Tsofaffi a Pensilbaniya?

A jihar Pensilbaniya ta ƙasar Amurka akwai wani shiri da aka kafa tun 1971, wanda gwamnati ke mayar wa masu ƙaramin ƙarfi wani kaso na harajin gida ko na kuɗin hayar da suka biya a shekarar da ta wuce. Masu cin moriyarsa su ne waɗanda suka kai shekara 65, da waɗanda abokin aurensu ya rasu ya bar su in sun kai 50, da naƙasassu daga shekara 18. Ana samo kuɗin daga cacar da jihar ke gudanarwa da kuma harajin gidajen caca. A watan Agusta na 2023 Gwamna Josh Shapiro ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi girman rangwamen daga dala 650 zuwa dala 1,000, ta kuma ɗaga iyakar kuɗin shigar ɗan haya daga dala 15,000 zuwa dala 45,000 a shekara. An yaba wa wannan gyara, kuma ya cancanci yabo. Sai dai akwai rukuni guda na 'yan haya da dokar jihar ta yarda a raba musu wannan kuɗi gida biyu kafin ya shiga aljihunsu, kuma su ne suka fi kowa rauni: mazauna gidajen kula da tsofaffi da naƙasassu.

Waɗannan gidaje ba asibitoci ba ne. A ma'anar doka, gida ne da ke ba manya huɗu ko fiye, waɗanda ba dangin mai gidan ba, ɗaki da abinci da taimako wajen wanka, sa tufafi da shan magani. Ma'aikatar jin daɗin jama'a ta jihar ce ke ba su lasisi, ƙarƙashin ƙa'idojin da suka fara aiki a 2005. A cikin ƙa'idojin an ce gida ba zai nemi ko ya karɓi abin da ya wuce rabin rangwamen mazauninsa ba, kuma ba zai caje shi ladan cike takardun neman kuɗin ba. An rubuta wannan a matsayin kariya, kuma kariya ce, domin in babu ita wasu gidajen duka za su haɗiye. Amma dokar da ta ce kada a wuce rabi ta riga ta halasta rabin. Ra'ayina shi ne wannan rabin ma bai halatta ba, kuma ya kamata a bar wa mazaunin kuɗinsa cif.

Dalili na farko yana cikin asalin kuɗin. Ɗan haya ba ya zuwa ofishin haraji, amma yana biyan harajin gida a fakaice, tunda mai gida ya riga ya lissafa shi a cikin haya. Shi ya sa jihar ke ɗaukar kashi 20 cikin ɗari na hayar da mutum ya biya a matsayin harajinsa, ta mayar masa gwargwadon iyakar da kuɗin shigarsa ya ba shi. A gidan kulawa ma kuɗin ɗaki kaɗai ake lissafawa, ban da na abinci da na hidima. Ke nan rangwamen maido da abin da ya riga ya fita daga hannun mazaunin ne ya shiga hannun mai gida. Mai gidan haya na gama-gari a Filadelfiya ko Fitsbag yana sa hannu a takardar shaidar haya, ɗan hayarsa ya karɓi kuɗinsa, shi ke nan. Babu wata hujja da za ta sa tsohuwar da ba ta iya hawa bene ita kaɗai ta yi asarar abin da maƙwabciyarta mai lafiya ba ta yi ba.

Sai a duba girman kuɗin a rayuwar mai shi. Matalautan mazauna waɗannan gidaje suna rayuwa ne da tallafin gwamnatin tarayya da ake kira SSI, wanda a 2024 ya kai dala 943 a wata ga mutum ɗaya, da ƙarin da jihar ke ɗorawa. Mai karɓar wannan tallafi ba a yarda ya tara dukiyar da ta wuce dala 2,000 ba, adadin da bai motsa ba tun 1989. Kusan duk abin da ya shigo masa gidan ne ke karɓa, sai ɗan kuɗin kashewa da doka ta ce a bar masa, wanda ya yi shekara da shekaru a kan dala 85 a wata. Gaskiya ne an wajabta wa gidan ya ba shi sabulu, buroshi, man goge baki, mataji da wankin kaya kyauta. Amma daga cikin dala 85 ɗin zai sayi takalmi da rigar sanyi a jihar da ake zuba dusar ƙanƙara, ya biya kuɗin waya, ya yi aski, ya shiga mota, ya saya wa jikarsa ɗan abin hannu ranar da ta zo gaishe shi. Idan rangwamensa ya zo dala 770, matakin da ke bin na sama, rabin da gida zai ɗauka dala 385 ne, wato kuɗin kashewarsa na wata huɗu da rabi. A littafin kuɗin gidan wannan ɗan ƙaramin layi ne. A wurin mazaunin shi ne kuɗi mafi kauri da zai riƙe a duk shekara.

Masu gidajen suna da tasu hujjar, kuma ba ta wasa ba ce. Shirin Medicaid, wato inshorar lafiyar gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ba ya biyan kuɗin zama a irin waɗannan gidaje a Pensilbaniya, abin da mai SSI ke kawowa kuwa bai kai abin da ake kashewa a kansa ba in an haɗa abinci, wuta, inshora da albashin ma'aikatan dare da rana. Ƙananan gidajen da ke karɓar talakawa sun yi ta rufewa, wasu kuma sun daina karɓar mai SSI gaba ɗaya. Suna cewa in an hana su rabin, ƙofofi za su ƙara rufuwa, tsohon da ake son karewa ya rasa wurin kwana. Na yarda giɓin yana nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wanda aka ɗora wa cike shi. Jihar ce ta ƙayyade ƙarin tallafin, ita ce ta bar shi ƙasa da tsadar hidima, don haka bashin nata ne. Barin gida ya yagi rabin rangwamen yana nufin gwamnati ta ba tsoho da hannun dama, ta bari a karɓe da hagu don a toshe ramin da ita ta haƙa. Kuma dala 385 a shekara, kimanin dala 32 a wata, ba za ta ceci gidan da ke durƙushewa ba.

Akwai masu cewa ai da yardar mazaunin ake yi, tunda yana sa hannu a yarjejeniya, doka ma ta ba shi sa'o'i 72 ya janye in ya ga dama. Wannan magana tana da daɗi a takarda. Amma a duba wanda ke sa hannun: mutum ne da asibiti ta sallama, ko wanda 'ya'yansa suka kasa, an sha wahala kafin a samo gida ɗaya da ke da gado kuma yake karɓar mai SSI. An miƙo masa takardu masu yawa, layin rangwame yana can a tsakiya. In ya ce bai yarda da wannan layin ba, ina zai nufa? Ga shi kuma takardar shaidar hayar da ake buƙata kafin a biya shi tana jiran sa hannun mai gidan. Wanda abincinka da maganinka da makullin ɗakinka ke hannunsa, ba a yin ciniki da shi kamar a kasuwa. Haka nan batun cewa wasu mazaunan sun ruɗe, ba za su iya riƙe kuɗi ba, bai zama dalili ba. Ƙa'idojin sun riga sun tanadi yadda gida zai ajiye wa mutum kuɗinsa amana, da rubutaccen lissafin shiga da fita. Riƙon amana daban, mallaka daban.

Gyaran yana hannun majalisar jihar da ke Harisbag. Ta soke izinin karɓar rabin, ta hana sa shi a cikin kowace yarjejeniya, ta kuma wajabta wa gida sa hannu a takardar shaidar haya ba tare da wani sharaɗi ba. A lokaci guda ta ƙara tallafin da take biya a kan kowane mazauni mai SSI, ta ɗaure shi da hauhawar farashi kamar yadda dokar 2023 ta ɗaure iyakar kuɗin shiga, don kada gidajen da ke karɓar talakawa su ɗauki asarar. Masu duba lasisi da jami'an sauraron koken mazauna kuma, duk lokacin da suka shiga gida, su nemi ganin shaidar cewa rangwamen kowane mazauni ya shiga asusunsa.