Maƙwabtakar Na'urori: Layukan Da Ke Riƙe Da Intanet Ɗin Ofisoshin Gwamnati

Idan akanta a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo ya aika bayanan kuɗi zuwa Abuja, saƙon ba ya tafiya kai tsaye. Sai ya ratsa na'urorin rarraba saƙonni, waɗanda injiniyoyi ke kira rauta, kowace tana miƙa shi ga ta gaba. Ita rauta ba ta san duniya da kanta ba. Abin da maƙwabciyarta ta shaida mata, shi take aiki da shi.

Tsakanin kamfani da kamfani, ana ƙulla wannan maƙwabtaka ne ta tsarin BGP, wanda aka fara amfani da shi a 1989. Injiniya zai rubuta adireshin maƙwabciyar da lambar shaidar kamfanin da ya mallake ta. Idan lambar ta saɓa, na'urorin biyu ba za su ko gaisa ba, kuma nan take za a gane. Babban haɗarin yana ga matata, wato jerin da ke fayyace hanyoyin da za a karɓa daga maƙwabci da waɗanda za a sanar masa. Kuskure a nan ba ya yanke layi, sai dai ya karkatar da saƙonni a ɓoye.

Haka ta faru a daren Litinin, 12 ga Nuwamba, 2018. Kamfanin MainOne na Legas, wanda ke musayar hanyoyi da Google a cibiyar IXPN, ya sanar da hanyoyin Google sama da 200 ga kamfanin China Telecom bisa kuskure. Shi kuma ya karɓa ba tare da tacewa ba, ya yaɗa su gaba. Na tsawon minti 74, saƙonnin da suka nufi Google daga sassan duniya suka riƙa bi ta Rasha da Sin, da yawa suka maƙale a can. Washegari MainOne ya bayyana cewa an yi kuskuren ne wajen saita na'ura yayin aikin inganta layukansa.

Magungunan sanannu ne: a sa matata a ɓangarorin biyu, a ƙayyade adadin hanyoyin da maƙwabci zai iya turowa ta yadda haɗin zai yanke idan ya zarce, a sa kalmar sirri tsakanin na'urorin, sannan a yi amfani da tsarin RPKI domin tabbatar da mai adireshi na gaskiya.

Yanzu da albashi ke bi ta IPPIS, kuɗin shiga kuma ta Remita, lamarin ya wuce ɗakin injiniyoyi. Jami'in da ke duba kwangilar intanet ta ma'aikatarsa yana da damar ya tambayi kamfani ko yana tace hanyoyin maƙwabtansa, da kuma wanda ke sa hannu kafin a sauya saitin na'ura. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.