Abin da Ke Sa Barin Taba Ya Fi Yi wa Mata Wuya

Sau da yawa akan zargi mace da raunin zuciya idan ta bar taba sigari ta kuma koma mata, alhali kuwa jikinta yana da hannu a ciki. Hanta ce ke sarrafa nikotin, wato sinadarin da ke kama mashayi, kuma sinadarin isturojin na jikin mata yana hanzarta wannan aiki. Saboda haka nikotin yakan riga barin jinin mace, sai ƙwaɗayin taba ya dawo da wuri. Saurin yakan ƙaru ga mai juna biyu da mai shan ƙwayoyin tsarin iyali masu isturojin. Filastar nikotin ba ta cika amfanar mata kamar maza ba. Ƙwayar barenikilin, wadda aka amince da ita a Amurka a 2006, ta fi taimaka musu.