In kafaɗar saniya na motsi tare da numfashinta, a duba ciwon huhu

Ƴan'uwa makiyaya, saniya mai lafiya ba a cika lura da numfashinta ba. Haƙarƙari da ciki suna tashi suna sauka a hankali, sau 10 zuwa 30 a minti ɗaya in tana hutawa, kafaɗa kuwa na nan daram. In kun ga kafaɗa na ɗagawa duk jan numfashi, ƙirji ya sanƙare kamar an ɗaure shi da igiya, to akwai ciwo a ciki.

Abin da nake fara zato shi ne ciwon huhu na shanu, mai yaɗuwa ɗin nan. Ƙwayar cutar na kumbura huhu da tantanin da ke tsakaninsa da haƙarƙari, ruwa rawaya ya taru a ƙirji, wani lokaci lita da dama. Duk motsin haƙarƙari zafi ne gare ta, shi ya sa take ƙanƙame naman ƙirjin, tana jan iska kaɗan-kaɗan da taimakon kafaɗa da ciki. Tsayuwarta ma daban ce: ta ware ƙafafun gaba, hammata a buɗe, ta miƙe wuya, kai ƙasa, baya a gantsare sama, tana nishi. Ku danna tsakanin haƙarƙari da yatsa, za ta zabura. Ku kora ta ta ɗan yi sauri, sai busasshen tari. Zafin jiki yakan wuce digiri 40. Ƴan maruƙa kuwa sau da yawa gaɓoɓi ne ke kumbura musu.

Ku duba da sassafe, don hakin zafin rana na ruɗin ido. Saniyar da ta haɗiye ƙusa ko waya ita ma takan tsaya haka tana nishi, amma ita kaɗai ce, ba ta ja wasu su bi ta.

Inda na fi damuwa shi ne allurar kasuwa. Mutum ya sayo oksitetarasikilin ya soka, zazzaɓi ya sauka, saniya ta koma kiwo, ya ce ta warke. Alhali cutar na iya dunƙulewa a wani sashe na huhu ta zauna watanni, saniyar na fesa wa sauran ta numfashi a bakin rijiya, a tabki ko a kasuwa. Wadda ta ɗauka kuma tana iya yin sati 3 har wata 6 ba ta nuna komai ba. Shi ya sa sabuwar saniya mai kyan gani ke iya shigo da ita garke.

In kun ga alamun, ku ware saniyar nan take da wurin shan ruwanta, kada ku kai ta kasuwa, ku kira ma'aikacin kiwo na karkararku. In an yanka, ku ce mahauci ya ajiye mana huhun: in ya yi tauri, ya yi zane-zane ko ya manne da haƙarƙari, ya faɗa mana abin da ke garken. Cutar ba ta kama mutum.

Allurar rigakafin, wadda LABOCEL ke haɗawa a Yamai, kariyarta ba ta daɗewa, sai an maimaita kowace shekara. Ranar da masu allura suka zo, ku kawo garken duka, har waɗanda ke mashekari tare da yara.