Kallon Ƙwallon Hannu: Ina Za Ka Sa Ido?

A Kura da Bunkure, in aka ce ƙwallo, ta ƙafa ake nufi. Matashi zai wuni yana ban ruwa a gonar shinkafa ko tumatir, da dare ya nufi gidan kallo don wasan Turai. Amma ba kowa ya san cewa Kano Pillars tana da ƙungiyar ƙwallon hannu da ta sha ɗaukar kofin gasar Najeriya ba, inda take gwabzawa da irin su Niger United ta Minna da Rima Strikers ta Sakkwato. Matan Najeriya kuwa sun ci kofin Afirka a 1991, suka je gasar Olamfik ta Barcelona a 1992.

Yawanci gasar ƙasa a gari ɗaya ake tara ƙungiyoyi a yi kwanaki ana bugawa, don haka ɗan kallo kan ga wasanni da yawa a wuni guda. A Kano ma akwai rufaffen ɗakin wasanni a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Sai dai wanda ya shiga bai san doka ba, ihu da guje-guje kawai zai gani.

Kowane ɓangare mutum 7 ne har da mai tsaron raga. Minti 30 ake yi, a huta, a dawo a ƙara 30. Ɗan wasa ba ya wuce taku 3 da ƙwallo a hannu, ba ya kuma riƙe ta fiye da daƙiƙa 3 a tsaye.

Ka fara sa ido kan layin da ya zagaye raga, mai nisan mita 6. Cikinsa hurumin gola ne shi kaɗai. Shi ya sa za ka ga mai kai hari ya yi tsalle daga wajen layin, ya keta ta samansa, ya saki ƙwallo kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa, sannan ya zube a kan ƙirji. Ka kuma lura da mutum ɗaya da ke cusa kansa tsakanin masu tsaron baya, ana turarsa ana jan rigarsa: shi ke buɗe wa 'yan uwansa hanya.

In alƙalin wasa ya ɗaga yatsu biyu, an kori mai laifi na minti 2, ƙungiyarsa ta ci gaba da giɓi. In ya ɗaga hannu ya bar shi a sama, gargaɗi ne ga masu ɓata lokaci. Fenareti kuma daga mita 7 ake jefa shi. Kada ka yi mamaki in kowane ɓangare ya zura sama da 20. A nan gola mai tare jifa ya fi shan tafi.

Akwai abin da ya shafi yankinmu kai tsaye. Tun da ruwan dam ɗin Tiga ya fara ratsa magudanan Kadawa, fili ya yi daraja, ba mai son barin eka guda ba shuka. Filin ƙwallon hannu mita 40 ne a tsawo, 20 a faɗi, bai kai kashi ɗaya cikin goma na hekta ba. Harabar makarantar firamare ta ishe shi, da raga biyu da ƙwallo ɗaya. Malaman wasanni da shugabannin matasa su fara kai yara kallo, domin da koyo akan iya.