Zakaran Kirsimeti da Annobar Hunturu

Tun ba a gama yankan gero ba yaran maƙwabtanmu a Bukkuyum suka fara ƙirgen kwanakin Kirsimeti. Iyayensu mutanen ƙasar Zuru ne da suka daɗe zaune tare da mu. Ƙaramarsu kullum sai ta leƙo gidanmu ta ba mu labarin atamfar da aka kai wa tela, ta ce an kusa sayo shinkafa, kuma wai bana har da takalmi. Amma abin da ya fi cika mata baki wani jan zakara ne da uwarsu ke kiwo tun tsakiyar damina. Da ta dawo daga makaranta, kafin ta tuɓe kayanta, sai ta damtsi dawa ta watsa masa, ta tsuguna tana kallon yadda yake tsinta. Kowa a gidan ya san ranar da aka ajiye masa.

Ɗokin nan ba na Kiristoci kaɗai ba ne. Matan aure Musulmi da yawa a Gummi da Anka da Nasarawar Burkullu sun san Disamba watan cinikin kaji ne. Mai ƙarfi takan yi odar 'yan tsakin gidan gona a ƙarshen Oktoba, tun da mako 6 zuwa 8 sun isa su kai yanka. Marar ƙarfi ta lallaɓa kajin Hausarta, tana lissafin kuɗin makarantar Janairu a kansu. A yankin da ɓarayin daji suka kwashe shanu da tumaki, akurki shi ne asusun da ya rage wa mata da yawa.

Sai kuma hunturu ya kama, hazo ya sauko, a wayi gari kaza ta takure a gindin bango, fukafukai a sake, tana haki da baki buɗe, kashinta kore-shar kamar an dama kuka. Wata wuyanta ya murɗe har kanta na kallon sama. Kafin mako ya zagayo akurki ya zama kango. Ka tambayi mai kajin, amsar ɗaya ce: "Sanyi na, Malam. Kowace shekara haka yake kwashe su." Maganar nan tana ci mini rai, domin ita ce ke sa mutane su naɗe hannu. Wa zai yi faɗa da sanyi?

Sanyi ba ya sa kaza koren zawo, ba ya murɗe mata wuya. Abin da ke yin wannan ɓarna ƙwayar cuta ce mai suna, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil. An fara gane ta a tsibirin Java na Indonesiya a 1926, sannan aka same ta kusa da birnin Niyukasil na Ingila, inda ta samo sunanta. A Najeriya an tabbatar da ita a wajen Ibadan a farkon shekarun 1950. Nau'inta mai zafi yana iya share garken kajin da ba a yi wa rigakafi ba, bai bar ko ɗaya ba. Hunturu dai yana yi mata gata ne: zafin rana na kashe ƙwayar da wuri, amma a sanyi takan daɗe da rai cikin kashin kaji da gashinsu, ƙura ta ɗauke ta, kajin kuma suna cunkushe wuri ɗaya don neman ɗumi. Sanyi ya buɗe ƙofa, amma wani ne ya kawo baƙuwar.

Mai kawo ta kuwa, sau da yawa, mu ne da hannunmu, kuma ɗokin biki ne ke sa mu. Daga Nuwamba kaji ke fara tafiye-tafiye. Dillali ya bi kasuwannin ƙauye da kwando a bayan babur, ya haɗa kazar wannan gari da ta wancan, ya wuce Daki Takwas, wasu a yi Gusau da su, wasu Zuru, wasu Sakkwato. Waɗanda ba a saya ba su dawo gida da yamma, a sake su cikin 'yan uwansu. Kazar da ta ɗauki cutar takan yi kwana 5 ko 6, wani lokaci har mako biyu, garau da ita, tana ci tana sha. Wutar ƙaiƙayi ke nan, sama toka ƙasa garwashi. Kamar buhun wake ne da ƙwaro ya riga ya shiga: ka duba ka ga lafiya lau, ka jingina shi da sauran buhunan, sai bayan kwanaki ka ga gari na zuba. Agwagi kuma sukan ɗauki ƙwayar ba tare da sun nuna komai ba, suna sha a kasko ɗaya da kaji.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kanta. Da mutum ya ga kaza biyu sun mutu masa, sai ya tattara sauran ya ruga kasuwa ya karyar da su kafin su bi sahu. Mai saye yana murna ya yi araha, ya kai wa iyalinsa ajalin nasu kajin. Wadda ta mutu kuma a wurga ta kan bola, kare ya ja ta zuwa wata unguwa. Na san asara da ciwo, amma wannan cutar da maƙwabci ce.

To, sai batun magani. Da cuta ta shigo, uwar gida ta aiki yaro kemis ya sayo kafso, ja da yalo, a fasa a zuba a ruwan sha. Wata ta ƙara da barkono, wata ta jiƙa sassaƙen maɗaci ko gautan kaji. In kaza ɗaya ta tashi cikin goma, sai a ce maganin ya ci. Kafson nan an yi shi ne don ƙwayoyin bakteriya. Ita bakteriya halitta ce mai jikinta, tana da bangonta da kayan aikinta, maganin kuwa waɗannan yake lalatawa. Bairas, irin na Niyukasil, ba shi da ko ɗaya. Shiga yake cikin ƙwayoyin jikin kazar ya mai da su injin haihuwar irinsa, don haka kafso ya zagaya jiki bai sami abin da zai kama ba. Kamar ka ga jan baki sun sauka a gonar gero ka ɗauko maganin ciyawa ka yi feshi. Kamar gara na cin rufin ɗaki ka ɗana tarkon ɓera. Tarkon ba lalatacce ba ne, ba aikinsa ba ne kawai. Ita kuma kazar da ta tashi, jikinta ne ya yi kokawa ya ci. Abin da ya fi damuna shi ne ragowar kafson nan na zama a nama da ƙwai, kuma yawan ɗirka shi barkatai yana koya wa bakteriya jure masa, har ranar da yaro zai buƙace shi a asibiti a ga ba ya aiki.

Cutar ba ta da magani in ta kama, amma tana da rigakafi, kuma a ƙasar nan ake yin sa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke can tun 1924, tana sarrafa wani nau'i da ake kira I-2. Masana a Jami'ar Queensland ta Ostireliya ne suka samar da shi musamman don kajin ƙauye, inda babu firji, domin ya fi sauran jure zafi. Ba allura ba ce, ɗigo ɗaya ne a ido, daga ɗan tsako har tsohon zakara, a maimaita bayan wata 3 ko 4. Jure zafi ba ya nufin a bar shi a aljihu cikin rana. Ana naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa, in an haɗa shi da ruwa kuma a yi aiki da shi ba jinkiri.

Na sha jin mata na cewa ɗigon idon ne ke kashe kaji. Na tambayi wata dattijuwa da ta rantse a kan haka: "Inna, yaushe aka ɗiga musu?" Ta ce ranar da ta ukun ta mutu. Ai nan gizo ke saƙar. Jikin kaza na buƙatar kamar mako biyu kafin ya haɗa garkuwa bayan ɗigon. Wanda ya jira sai mutuwa ta fara, ya zama mai haƙa rijiya bayan gobara ta kama ɗaki. Kajin sun riga sun ɗauka, za su mutu ko an ɗiga ko ba a ɗiga ba, sai laifin ya faɗa kan malamin dabbobi. Zakaran 25 ga Disamba, a Oktoba ake ceton ransa, lokacin da yara suka fara ƙirgen kwanaki. Tun ran gini ran zane.

Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, shi ya sa aikin na unguwa ne. Matan da ke adashe tare, ko matan zumunta a coci, za su iya haɗa kuɗi su sa rana guda a bi gida-gida. A nan ne nake ganin hukuma ta yi sake. Akan yi shelar rigakafin ciwon huhun shanu da na awaki da tumaki, manya su halarci buɗewa, amma da wuya ka ji an ambaci kaza. Ko sabuwar ma'aikatar bunƙasa kiwo da gwamnatin tarayya ta kafa a 2024, hirar da ake yi a kanta ta shanu ce. Ina zargin don kaza dukiyar mata da yara ce, su kuwa ba su zuwa taro.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata a tuna mana illar raina mutuwar tsuntsayen gida ba. A farkon 2010 agwagi suka riƙa ɓacewa a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya, ba wanda ya kula, sai da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a wurare irin su 'Yargalma da Dareta da Abare. Akwai kuma murar tsuntsaye, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna a Fabrairun 2006. Da ido ba a iya bambance ta da Niyukasil, kuma ita tana kama mutum har ta yi kisa, alhali Niyukasil iyakarta ta sa mutum ɗan jan ido. Saboda haka in kaji suna zubewa, a binne gawarsu da zurfi ko a ƙona, kada a bar yara su fige su, a kuma sanar da malamin dabbobi.

Jiya da yamma maigidan maƙwabtanmu ya dawo daga kasuwa da wata kaza a rataye a babur, ƙari kan zakaran, saboda baƙin da suke sa rai daga Zuru. Yara suka yi caa za su kwance ta su sake. Uwarsu ta tare su, ta ɗauko babban kwando ta kifa ta can bayan rumbu, nesa da akurki, ta ware mata kaskon ruwanta daban. Ƙaramar ta ce, "Mama, sai yaushe za ta fito?" Ta ce sai ta yi mako biyu. Yarinyar ta tsuguna bakin kwandon, ta soma wani sabon ƙirgen da yatsunta.