Teburin ɗalibi a Mafoni: takardun zubarwa da waɗanda ba su da madadi

A gidaje da dama na Mafoni, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Maiduguri, abin da ake kira teburin karatu bai wuce ƙaramin tebur na katako da aka jingine da bango ba. Wani gidan ma akwatin ƙarfe ne aka shimfiɗa wa ƙyalle. Kansa cike yake da littattafan rubutu na zangon da ya wuce, da fotokwafin darussa, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da cajar waya, da fitila mai caji, da biro biyar waɗanda ɗaya kaɗai ke rubutu. A tsakiyar wannan tari ne sau da yawa takardar haihuwa take kwance, tare da shaidar asalin ƙaramar hukuma da sakamakon jarrabawar kammala sakandare, ba abin da ya bambanta su da takardar da aka ƙunso ƙosai a ciki.

Mutanen Maiduguri sun san tsadar wannan cakuɗa. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya malale wani babban sashe na birnin, har da fadar Shehun Borno da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Cikin dare ruwan ya iso, kuma wanda ke neman tsira da yara da tsofaffi ba shi da lokacin tona tarin takardu. Wanda muhimman takardunsa ke wuri guda yana iya sungumarsu da hannu ɗaya ya fita. Wanda nasa ke warwatse tsakanin littattafai kuwa sai bayan ruwa ya janye ya dawo ya tarar da su sun manne sun zama ɗaya.

Shi ya sa gyaran tebur a irin wannan wuri yake farawa da ware 'yan takardun da ba a sake bayarwa cikin sauƙi. Hukumar WAEC ba ta buga wa mutum satifiket na asali sau biyu, kuma wanda ya rasa takarda yakan fara ne da rahoton 'yan sanda da rantsuwa a kotu kafin a saurare shi. Irin waɗannan takardu ba su da wurin zama a kan tebur sam. Fayil na roba mai rufewa ya dace da su, a sa shi cikin jaka, a rataye jakar a ƙusa can sama kusa da ƙofa. Borno ba baƙuwar wannan dabara ba ce: tun da daɗewa mahaddata suke sa rubutaccen Alƙur'ani cikin gafaka ta fata su rataye ta nesa da ƙasa, inda danshi da gara ba sa kaiwa.

Sauran tarin ba shi da wuyar sha'ani, illa dai ɗalibai na jin nauyin zubar da rubutu. Littafin darasin bana ya zauna a tebur. Na bara, in har ƙane zai amfana da shi, a ɗaure a miƙa masa. Fotokwafin da aka yi sau biyu, da takardun lissafin gwaji, da biron da ya bushe, su fita. Takardar da ke ɗauke da lambar shaidar ɗan ƙasa ko lambar jarrabawa kuwa a yayyaga ta kafin ta bar gida, don mai tsire ba ya duba abin da ke jikin takardar da ya samu. Ƙurar hunturu ma dalili ce: a Maiduguri, abin da aka bari a buɗe kwana biyu sai an kaɗe shi, kuma tebur mai kaya kaɗan ne kawai ake iya gogewa kullum. Fitila da caja su sami kusurwa tasu, domin garin da ya daɗe cikin duhu bayan an lalata turakun layin wutar Damaturu a Janairun 2021 ya san ba a neman fitila bayan an ɗauke wuta.

Akwai kuma wani ɓangare na teburin da ido ba ya gani. Tun 2021 JAMB ta wajabta lambar NIN wajen rajista, kuma lambar bayanan ɗalibi tana ɗaure ne da layin wayar da aka nema da shi, don haka ƙaramin katin SIM da aka jefa cikin gwangwanin biro yana iya fin duk littattafan muhimmanci. Asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, yana neman NIN da BVN da lambar JAMB. A 2022 WAEC ta ƙaddamar da manhajar satifiket ta intanet. Ɗaukar hoton kowace takarda da waya a tura zuwa imel aikin rabin awa ne, kuma ruwa ba ya cin imel.

Ma'aikatan da ke tantance takardu a ofisoshin Abuja su ne ke ɗaya ƙarshen wannan tebur, kuma sun san inda fayil yakan maƙale. Ranar da aka jera takardun ɗalibi gefe da gefe ce ake fara ganin cewa Modu ne a takardar firamare, Mohammed a WAEC, Muhammad a NIN. Haka Bukar da Abubakar, haka Falmata da Fatima, wani lokaci har da shekarar haihuwa. A Mafoni kowa ya san mutum ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta sani ba. Gyaran suna a hukumar NIMC yana cin kuɗi da zirga-zirga, kuma ya fi sauƙi ga ɗan aji huɗu na sakandare da ke da sauran lokaci fiye da wanda ya kammala jami'a yana jiran takardar kiran NYSC. Ma'aikacin da ke aika wa ƙane ko ɗan 'yar'uwa kuɗin makaranta zuwa gida yana iya ƙara kuɗin fayil ɗaya a kai, ya nemi a turo masa hotunan takardun ya duba sunayen da idonsa.